Ziyarar Gidan Tarihin Jiragen Yaƙi na Hendon da Alaƙarsa da Tarihin Kano

Gabatarwa

Tun muna yara muke jin dattawa suna lissafin shekaru da manyan abubuwan da suka auku, kamar shekarar zuwan jirgin ƙasa, da shekarar zuwan jirgin sama, da lokacin yaƙin Hitila. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin lebura a filin jirgin sama na Kano lokacin wannan yaƙi. Ya sha zaunar da mu a zaure bayan sallar isha'i yana ba mu labarin ƙananan jirage masu inji ɗaya da ke sauka a jere, su kwana, a ɗura musu mai, da asuba su tashi su nufi gabas. Mu kuwa a lokacin mun ɗauki abin tamkar tatsuniya. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, ina yawon tattara tarihin garuruwan mutane, amma ban taɓa zama na rubuta ko layi ɗaya daga bakin kawuna ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Wannan sakaci nawa bai dame ni sosai ba sai ranar da na tsinci kaina a tsaye gaban irin waɗannan jirage a birnin Landan. Na je ne duba ɗana da ke karatu a can, shi ne wata Asabar ya ce, "Baba, tunda kana son kayan tarihi, akwai inda ya kamata ka gani kafin ka koma gida." Maƙasudin wannan rubutu shi ne in bayyana wa malaman makaranta da iyayenmu dattawa abin da na gani a wurin, da yadda ya haɗu da tarihin ƙasarmu, da kuma aikin da nake ganin ya rage a wuyanmu.

Wurin da Asalinsa

Gidan tarihin na rundunar sojojin sama ta Ingila ne, yana unguwar Hendon a arewa maso yammacin Landan. Mun hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka a tashar Colindale, muka ƙarasa da ƙafa. Ba mu biya ko kwabo a ƙofa ba, domin shiga kyauta ne.

Shi kansa filin da aka gina gidan a kai yana da tarihi. Tsohon filin jirgin sama ne, ɗaya daga cikin na farko-farko a Ingila, kuma daga nan ne aka fara ɗaukar wasiƙu ta jirgin sama a ƙasar, a watan Satumba na 1911, wato shekarar da layin dogo ya iso Kano. Ita rundunar an kafa ta ne ranar 1 ga Afrilu, 1918, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe gidan tarihin ranar 15 ga Nuwamba, 1972, da jirage 36, aka kuma yi masa babbar kwaskwarima a 2018 lokacin da rundunar ta cika shekara 100. Akwai reshe na biyu a wani gari da ake kira Cosford.

An ajiye jiragen ne a cikin manya-manyan rumfuna, wasu a ƙasa, wasu a rataye a sama kamar suna cikin tafiya. Gaban kowane jirgi akwai allo da ke bayyana sunansa, da shekarar ƙera shi, da inda ya yi aiki. Wuni guda ba ya isar mutum ya duba komai da natsuwa, don haka zan taƙaita a kan waɗanda suka fi shafarmu.

Jirgin da Irinsa ya Fara Sauka a Kano

Wanda na fi daɗewa a gabansa shi ne wani jirgi mai suna DH.9A. Mai karatu zai yi mamaki in na ce yawancin jikinsa katako ne da yadi. Fuka-fukansa hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an tokare su da sanduna aka ɗaure da wayoyi, sa'an nan aka lulluɓe su da yadi aka shafe da wani irin fenti mai sa yadin ya ɗame kamar fatar ganga. Faɗinsa daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ya kai ƙafa 46. Injinsa ƙirar Amurka ne, ana kiransa Liberty, mai ƙarfin doki 400, kuma iyakar gudunsa bai wuce kimanin mil 120 a awa ba. Mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba da maharbi a baya, kowannensu zaune a cikin wani rami buɗaɗɗe, babu rufi, babu gilashin da zai kare shi daga rana ko sanyi in ban da ɗan ƙarami a gaban fuska.

Irin wannan jirgi guda uku ne suka taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, 1925, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham na runduna ta 47. Suka biyo ta Hartum, da Alfashir a ƙasar Darfur, da Fallomi, wato Injamena ta yau, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a filin da Turawa ke wasan dawakai a wajen ganuwa, zamanin Sarkin Kano Usman na Biyu. Wannan tafiya ita ce zuwan jirgin sama na farko Nijeriya. Sun ƙarasa Kaduna, sa'an nan suka juya, suka isa Helwan ranar 19 ga Nuwamba. Mai karatu ya lura cewa hanyar da suka biyo kusan ita ce hanyar da alhazanmu suka daɗe suna bi a ƙasa zuwa Makka, tafiyar da kan ɗauke su watanni ko shekaru, ga shi an yi ta cikin kwana shida. A shekarar 2025 wannan sauka ta cika shekara 100.

Ya kamata in fayyace cewa jirgin da ke Hendon ba ya cikin ukun da suka zo Kano, ɗan'uwansu ne dai, kuma shi kaɗai ya rage a duniya daga cikin na asali. Lambarsa F1010. Yana cikin jiragen da Sarkin Haidarabad na ƙasar Indiya ya biya kuɗin sayensu ya ba Ingila gudummawa a 1918. A watan Oktoba na wannan shekara aka tilasta masa sauka a ƙasar Jamus lokacin da ya je kai hari, Jamusawa suka kama shi suka kai shi gidan tarihinsu a Berlin. Da yaƙi na biyu ya yi zafi aka kwashe kayan gidan zuwa yankin da yanzu yake cikin ƙasar Poland. Sai a 1977 Ingila ta karɓo shi ta hanyar musaya, ta ba da jirgin Spitfire guda a madadinsa, aka yi shekaru ana gyaransa kafin a baje shi ga jama'a. Dubi yawan hannuwan da wannan katako da yadi suka ratsa, amma saboda a kowane zango an sami wanda ya san darajarsa, ga shi har yau ana kallonsa.

Ɗaya Fuskar Wannan Jirgi

Mu a Kano mun san wannan jirgi ne a matsayin abin al'ajabi da ya buɗe mana ƙofar sufurin sama. To amma an ƙera shi ne don jefa bam. A gaban matuƙi akwai bindiga mai jigida ƙirar Vickers, wadda ke harbi ta tsakanin ruwan farfela. Ɗana ya tambaye ni yadda harsashi ba ya sare farfelar, na ce masa ni ma abin da ke raina ke nan. Bayanin shi ne akwai wata na'ura da ke haɗa injin da kunamar bindigar, ta yadda harsashi ba ya fita sai a daidai lokacin da ruwan farfelar ya kauce daga bakin bindigar. Jamusawa ne suka fara amfani da wannan dabara a fagen fama a 1915. Shi kuwa na baya yana da bindiga ƙirar Lewis a kan wani zobe mai juyawa, bama-bamai kuma a maƙale suke a ƙarƙashin fuka-fuki da cikin jirgin.

A farkon shekarar 1920, jirgin DH.9, magabacin wannan jirgi, Ingila ta tura ƙasar Somaliya ta arewa don yaƙar Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, wanda ya yi kimanin shekara 20 yana fafatawa da Turawa. Aka yi wa garuruwansa ruwan bama-bamai, ciki har da ganuwarsa ta Taleh, cikin 'yan makonni ƙarfinsa ya karye. Ganin arhar wannan hanya ya sa daga 1922 aka danƙa wa sojojin sama tsaron ƙasar Iraƙi, inda aka riƙa jefa bam a ƙauyukan ƙabilun da suka ƙi biyayya. Har ila yau, wani abin lura shi ne bam na farko da aka taɓa jefowa daga jirgin sama a nahiyarmu ya faɗi. Wani matuƙi ɗan Italiya mai suna Giulio Gavotti ne ya jefa gurneti huɗu da hannunsa a kusa da birnin Tarabulus na Libiya, ranar 1 ga Nuwamba, 1911, shekara 14 cif kafin saukar Kano. Malamin da zai koyar da labarin 1925 ya kamata ya haɗa da wannan, domin ɗalibi ya gane cewa tafiyar Coningham, ban da gwajin hanya, ta ƙunshi nuna ƙarfin mai mulki ga waɗanda ake mulka.

Hurricane, Blenheim da Hanyar Takoradi

A wata rumfar na tarar da jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. Ga Spitfire, ga Hurricane, ga abokin karawarsu na Jamus Messerschmitt 109, duk a kusa da juna. Spitfire ya fi suna, amma a yaƙin sama da aka yi a kan Ingila tsakanin Yuli da Oktoba na 1940, Hurricane ya fi yawa, kuma shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus. Irin na farko yana da bindigogi takwas a cikin fuka-fukansa, rabin jikinsa na baya kuma yadi ne a kan ƙarafa, abin da ya sa gyaransa ke da sauƙi ko a daji. Da na gan shi na tabbata irinsa ne kawuna ke nufi da ƙananan jirage masu inji ɗaya.

Ga yadda aka yi suka biyo ta Kano. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Tekun Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta da ke Masar suna matuƙar buƙatar jiragen yaƙi. Zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuwa tafiya ce ta makonni masu yawa. Sai aka tuna da hanyar 1925, wadda kamfanin Imperial Airways ya riga ya mayar hanyar fasinja da wasiƙu tsakanin Hartum da Kano tun 1936. Aka riƙa kawo jirage a cikin manyan akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙo su zuwa Ikko, da Kano, da Maiduguri, su ratsa Cadi su shiga Sudan ta Aljunaina da Alfashir zuwa Hartum, daga nan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta kai kimanin mil 3,700, kuma takan ɗauki kusan mako guda.

Ayarin farko ya bar Takoradi a watan Satumba na 1940. Yadda ake yi shi ne jirgin Blenheim mai inji biyu, wanda ke ɗauke da masanin hanya, ya shige gaba kamar madugu, 'yan Hurricane kamar shida su bi shi a baya. Akan shafa farin fenti a gadon bayan ƙananan jiragen domin in ɗaya ya faɗi a daji a iya hango shi daga sama. Harmatan da hadarin damina da yashi mai shiga inji sun ci jirage da rayuka a wannan hanya. Duk da haka, kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940, alhali Nijar, wadda iyakarta ba ta da nisa da Kano, ta ci gaba da zama a hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus har ƙarshen 1942.

Daɗin daɗawa, wanda ya riƙa karɓar yawancin waɗannan jirage a hamadar Masar da Libiya daga 1941 shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a Kano yana ƙaramin hafsa, domin a lokacin ya zama kwamandan sojojin saman hamada. Ƙarshensa kuwa a jirgin sama ya zo, domin yana cikin fasinjojin wani jirgi da ya ɓace a tekun Atlantika kusa da tsibirin Bermuda a watan Janairu na 1948.

Ban da fili da ƙwadago, mutanen Nijeriya sun ba da kuɗi. An yi karo-karo a larduna don sayen jiragen yaƙi, wanda ya sa aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojojin saman Ingila sunan Nijeriya, aka kuma rubuta sunayen wasu lardunanmu a jikin jiragen Spitfire da take amfani da su. Iyayenmu da suka karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, sun san wannan zamani sarai.

Manyan Jiragen Jefa Bam

Rumfar da ta fi sa jikina ya yi sanyi ita ce ta manyan jiragen jefa bam. A nan ne Lancaster mai lamba R5868 yake, mai inji huɗu, faɗinsa ƙafa 102, mutum bakwai ke aiki a cikinsa. Ya fita kai hari sau 137, an kuma zana hoton ɗan ƙaramin bam a gefen hancinsa a madadin kowace fita. Wannan adadi abin mamaki ne in aka yi la'akari da cewa cikin kimanin mutum 125,000 da suka yi aiki a irin waɗannan jirage na Ingila, 55,573 sun mutu, yawancinsu samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Na ƙasa kuwa sun fi shan wuya. A birnin Hamburg kaɗai, hare-haren watan Yuli na 1943 sun kashe kimanin mutum 40,000, a Dresden kuma kimanin 25,000 a watan Fabrairu na 1945.

Na kuma ga bam ɗin da ake kira Grand Slam, mai nauyin kusan tan 10, wanda aka fara jefawa a watan Maris na 1945. An ƙera shi ne ya nutse cikin ƙasa kafin ya fashe, ya girgiza tushen gada ko gini har ya rufta. Mai karatu ya kwatanta shi da gurnetin Gavotti, wanda bai wuce kilo biyu ba. Tsakaninsu shekara 34 ce kacal, ƙasa da tsawon aikin gwamnatin da na yi.

Akwai kuma wani jirgi ƙirar Halifax da aka harbo a 1942, ya sauka a kan wani tafki da ya daskare a ƙasar Norway, ƙanƙarar ta narke ya nutse. An tsamo shi a 1973, aka ajiye shi yadda aka same shi, a lanƙwashe, da tsatsarsa. A ganina ya fi waɗanda aka yi wa fenti faɗar gaskiyar yaƙi. Darasi ne ga masu kula da kayan tarihi a wurinmu, waɗanda wani lokaci son gyara kan sa su shafe shaidar da tsohon abu ke ɗauke da ita.

Abin da ya Rage a Gare Mu

Na ga iyaye da 'ya'yansu, na ga tsofaffin sojoji suna yi wa yara bayani, na kuma lura cewa tare da ƙarafan an adana hotuna, da wasiƙu, da littattafan da matuƙa ke rubuta tafiye-tafiyensu, da muryoyin waɗanda suka yi aikin. Wannan ne ya tuna mini da kawuna. Sunayen matuƙan da suka kwana a Kano suna nan a rubuce. Waɗanda suka share filin, suka fasa dutse, suka gangara durom-durom na mai a cikin rana, labarinsu yana cikin ƙwaƙwalwar 'ya'yansu da jikokinsu ne, kuma kullum raguwa yake yi.

Mu ma muna da abin nunawa. An kafa rundunar sojojin saman Nijeriya a 1964, kuma a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia an ajiye jirage da makaman yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, na ɓangarorin biyu. Makarantar da ke da hali ta kai ɗalibanta can. Wadda ba ta da hali kuwa, akwai aikin da ba ya cin kuɗi. Ina ba malamai shawara su sa kowane ɗalibi ya je wurin dattijo ko dattijuwar gidansu ya tambayi abin da suka gani ko suka ji daga iyayensu game da zuwan jirgin sama, da aikin filin jirgi, da karo-karon yaƙi, da tafiya Bama. A rubuta sunan mai ba da labari, da shekarunsa, da unguwarsu, da ranar da aka yi hirar, a kuma bambanta abin da ya gani da idonsa da wanda aka ba shi labari. In akwai tsohon hoto, ko lambar yabo, ko takardar sallama daga soja, a ɗauki hotonta a mayar wa masu ita. Su kuma iyayenmu dattawa ina roƙonsu kada su raina abin da suka sani, su kira jikokinsu su faɗa musu tun suna da ƙarfin faɗa.

Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma na yarda, domin sai da na tsaya gaban Hurricane na fahimci abin da aka faɗa mini shekara hamsin da suka wuce. Amma da ban ji ba tun farko, da na wuce shi kamar yadda na wuce wasu jirage da dama a wannan rana. Da na dawo gida na nemi 'ya'yan kawuna biyu da suka rage, muka zauna, na rubuta abin da suka iya tunawa daga bakin mahaifinsu. Bai cika shafi huɗu ba. Da a ce na yi wannan aiki yana raye, da littafi guda na samu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon adana abin da suka bar mana.